Kuɗin Rabin Aji: Nawa Ne Haƙƙin Yaron Kagara?

Duk shekara idan aka buɗe sabon zangon karatu, malamin aji ɗaya na firamare yakan karɓi yara iri biyu. Akwai wanda ya riga ya saba da zaman aji, ya iya riƙe fensir, ya san ana bin rubutun boko daga hagu zuwa dama, an kuma sha karanta masa labari daga littafi. Akwai kuma wanda ranar ce ya fara taɓa littafin boko da hannunsa. Shekarunsu ɗaya, manhajarsu ɗaya, jarrabawar da ke jiransu a gaba ma ɗaya ce. A unguwannin masu hali na birnin Sakkwato irin na farkon ne suka fi yawa. A ƙauyukan gabashin jihar kuwa, irin su Kagara ta ƙaramar hukumar Goronyo da maƙwabtanta na Wurno da Rabah, na biyun ne ke cika aji, idan ma sun zo.

Wannan tazara ta riga aji ɗaya samuwa, kuma makarantun kuɗi ba za su rage ta ba, domin mai makarantar kuɗi ba ya zuwa inda babu mai biya. Kuɗin gwamnati ne kaɗai ke da wannan ƙarfin. Saboda haka muhimmiyar tambaya ita ce yadda ake raba kuɗin da aka ware wa ilimin ƙananan yara, wato ajin share fage da jama'a ke kira rabin aji da abin da ke ƙasa da shi. Ra'ayina shi ne a raba shi bisa nauyin buƙata, a auna buƙatar tun daga matakin ƙauye, a kuma zuba kuɗin a kan malama da abinci da kayan aiki kafin siminti. Rabon da ake yi a yau, wanda ake gani kamar shi ne adalci saboda kowa ya sami daidai da kowa, yaron Kagara yake dannewa.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta lissafa kula da ƙananan yara da ilimantar da su cikin ilimin tushe, tare da shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan rainon ƙananan yara, wadda ta haɗa lafiya da abinci da ilimi wuri guda. Bugun 2013 na manufar ilimi ta ƙasa ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ya ce kada malami ɗaya ya riƙe yara fiye da 25 a wannan mataki. Nijeriya ta kuma sa hannu a muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka yi alkawarin cewa kafin 2030 kowane yaro zai sami ilimin share fage mai inganci.

A wajen kuɗi ne maganar ke canzawa. Dokar 2004 ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A ƙa'idar rabon da hukumar ta daɗe tana aiki da ita, rabin wannan kuɗi shi ne tallafin da jiha ba ta iya ɗauka sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Sauran rabin an kasa shi ga littattafai da kayan koyarwa, horar da malamai, ladan jihar da ta yi ƙwazo, yara masu buƙata ta musamman, sa ido da gudanarwa, sai kashi 14 don rage giɓin ilimi tsakanin yankuna. A cikin babban tallafin nan na haɗin gwiwa, kashi 60 na firamare ne, kashi 35 na ƙaramar sakandare, kashi 5 kuma na share fage. A ɗauki naira ɗari daga asusun UBEC, abin da ya faɗo wa rabin aji ta wannan ƙofa naira biyu ne da rabi. A kwatanta da sanarwar Tashkent ta 2022, inda ƙasashen duniya suka amince a ƙarƙashin UNESCO cewa ya kamata aƙalla kashi 10 na kuɗin ilimi ya tafi ga share fage.

Albashin malaman firamare, wanda shi ne mafi nauyi a duk lissafin ilimi, ba ya cikin wannan tallafi. Daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, a biya ta hannun hukumar SUBEB ta jiha. Ke nan tarayya na iya gina aji, amma mai tsayawa a gaban yara sai jiha da ƙaramar hukuma sun samar da ita.

Inda raba-daidai ke yin ɓarna

Ana raba tallafin haɗin gwiwa daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kano mai ƙananan hukumomi 44, da Sakkwato mai 23, da Bayelsa mai 8, kowacce kasonta ɗaya. Ba a duba yawan yara, balle halin da iyayensu ke ciki. Alhali ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kashi 91 cikin 100 na mutanen Sakkwato suna cikin talauci, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, yayin da Ondo ke da kashi 27. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Jihar da ke ɗauke da wannan nauyi ita ce ake ba daidai da wadda yawancin 'ya'yanta ke makarantun kuɗi tun suna shekara uku.

Sharaɗin ajiye kwatankwacin tallafi ya ƙara tsananta lamarin. An kafa shi da kyakkyawar niyya, don kada jihohi su naɗe hannu su bar wa tarayya komai. Sai dai jihar da ke da ƙarancin kuɗin shiga ita ce ta fi shan wuyar cika shi. UBEC kanta ta sha bayyana cewa biliyoyin naira na jibge a asusunta jihohi ba su ɗauka ba. Duk shekarar da kuɗin ya kwana a Abuja, akwai rukunin yara 'yan shekara biyar da suka wuce wannan shekarar har abada.

A cikin jiha ma salon ɗaya ne. Yawanci ana fassara tallafin zuwa kwangilar gini da gyara, a watsa ayyukan yadda kowace ƙaramar hukuma da kowace mazaɓa za ta ga nata. Idan aka zo rabon littattafai ko kujeru, sai a duba yawan yaran da ke cikin rajista. Makarantar da ke bakin titi, mai malamai da aji cike, ita ke da adadi mai yawa, ita ke samun kaso mai tsoka. Ƙauyen da ba shi da rabin aji ko ɗaya ba shi da suna a rajista, don haka ba shi da kaso. Manoman da ke shan ruwan madatsar Goronyo sun san wannan hali: idan aka saki ruwa ba tare da tsari ba, gonar da ke bakin magudana takan ƙoshi har ta yi ambaliya, ta ƙarshen layi kuwa ta ƙone, kodayake ruwa ɗaya aka sakar wa kowa.

Nauyin da ke kan ƙauye irin Kagara

Buƙata ba kalmar neman tausayi ba ce, abu ne da ake iya lissafawa. Ilimantar da yaro ɗaya a Kagara ya fi tsada a kan ilimantar da takwaransa a cikin birni, kuma dalilan a bayyane suke.

Na farko yunwa. Yaron da ya zo aji ciki ba komai ba ya riƙe karatu, wanda ya tsumbure tun yana goye kuwa yana buƙatar kulawa ta daban. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, aji ɗaya zuwa uku aka yi wa shi. 'Yan rabin aji, waɗanda jikinsu ya fi buƙatar abincin, ba sa cikin lissafi.

Na biyu ruwa. Kagara na cikin kwarin gulbin Rima, kuma albarkar fadama da haɗarinta tare suke tafiya. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a Kagara da ƙauyuka da dama na Goronyo, ita ce kuma ta karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ginin makaranta a irin wannan wuri yana buƙatar tudu da tushe mai ƙarfi, kuma dole a tanadi abin da za a yi idan damina ta yanke hanya. Ɗan shekara huɗu ba ya tsallake rafi don zuwa makarantar ƙauyen gaba. Dole aji ya same shi inda yake, ko da yaran wurin ashirin ne kawai, kuma aji mai yara ashirin albashin malama ɗaya yake ci kamar mai yara arba'in.

Na uku tsaro. Tun harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, da harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 inda aka kashe mutum sama da 40, gabashin Sakkwato bai sami cikakken kwanciyar hankali ba. Ƙauyuka sun watse, garuruwan da suka fi tsaro sun cika da baƙi, a wurare da dama azuzuwa ne suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaron da ya ga an kashe mutum ko ya kwana a daji yana gudu yana buƙatar malamar da aka koya wa yadda ake lallashin irinsa. Malamin da aka turo daga birni kuwa, da wuya ya yarda ya kwana a wurin da yake tsoron ransa, kuma babu mai zarginsa.

Na huɗu shi ne abin da ke faruwa da yayyen yaron mata. A gidan da uwa ke fama da daka da surfe da sana'ar hannu, uba kuma yana fadama wajen albasa da shinkafa ko ya tafi cin rani, yarinya 'yar shekara tara ce ke goyon ƙanenta, ita ce kuma ke ɗaukar talla. Ko ta zauna gida saboda raino, ko ta zo aji da yaro a baya. Rabin aji mai aiki yana 'yantar da ita. Kuɗi ɗaya ne, yara biyu yake sawa a makaranta.

Shin yana biya?

Hujjar da ta fi kusa da halinmu daga Jamaika ta fito. A 1986 zuwa 1987 masu bincike a birnin Kingston suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara ashirin aka sake nemo su. Waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba a gina musu komai ba. Mace mai horo ce ta riƙa shiga gida a kai a kai. A Amurka ma, shirin Perry na shekarun 1962 zuwa 1967, wanda aka yi wa 'ya'yan talakawa, ya nuna amfani mai ɗorewa har zuwa girmansu, kuma masanin tattalin arziki James Heckman ya gina yawancin hujjarsa a kansa. Abin da waɗannan bincike suka haɗu a kai shi ne ribar ta fi yawa ga yaron da ya fi rashi, kuma sai an yi aikin da inganci.

Ƙasashe masu tasowa sun gwada hanyoyin rabo iri-iri. Brazil, ta asusun FUNDEB da ta kafa a 2007, takan tara kuɗin ilimi na kowace jiha ta raba bisa kan kowane ɗalibi har da na gidajen raino da share fage, sannan gwamnatin tarayya ta cika wa jihohin da kasonsu bai kai ƙaramin mizani ba. Indiya tun 1975 take tafiyar da cibiyoyin Anganwadi a ƙauyuka, inda mace 'yar garin da mataimakiyarta ke ba yara abinci, su auna girmansu, su koya musu share fage. A baya Afirka ta Kudu ta riƙa biyan rand 17 a rana ga kowane yaron da iyayensa ke da ƙaramin ƙarfi, amma sai a cibiyar da ke da rajista, kuma sharuɗɗan rajistar suka yi wa cibiyoyin unguwannin matalauta tsauri, har yawancin waɗanda aka yi tallafin dominsu suka rasa shi. Wannan gargaɗi ne gare mu: duk sharaɗin da talaka ba zai iya cikawa ba, ƙofa ce da aka rufe masa.

A nan gida ma an taɓa gwadawa. Shirin NIPEP, wanda ya zo da tallafin dala miliyan 100 daga 2015 ga Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, ya riƙa tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun kwamitocin kula da makarantu, har da kaso na musamman don azuzuwan share fage, ya kuma ɗauki nauyin malamai mata su sami takardar NCE. Shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, daga 2014 zuwa 2016, ya riƙa ba iyaye naira 5,000 duk wata uku kan kowace yarinya a ƙananan hukumomi shida na Sakkwato, ciki har da Goronyo da Wurno, kuma shigar 'yan mata makaranta ta ƙaru. Waɗannan sun tabbatar da cewa ana iya zaɓen wurin da ya fi buƙata a kai masa kuɗi har ƙofa. Rauninsu shi ne kuɗin masu ba da agaji ne, yana da ranar ƙarewa. Abin da ya rage shi ne a ɗauki darasin a dasa shi cikin kasafin jiha.

Yadda ma'aunin zai kasance

A fara da ƙirga yara, duk yaran gari 'yan shekara uku zuwa biyar, ba waɗanda ke cikin rajistar makaranta kaɗai ba. Wannan adadi yana nan a hannun ma'aikatan lafiya. Masu rigakafin shan inna sun shafe shekaru suna bin gida gida, masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ma kowace damina suna rubuta yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar. Ma'aikatar ilimi ta zauna da ta lafiya, ta haɗa da rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa da shaidar masu unguwanni da hakimai, za ta san yawan yaran kowane ƙauye fiye da yadda ta sani a yau.

Daga nan a yanka wa kowane yaro kaso na tushe, ɗaya a duk faɗin jiha. A kan wannan sai a riƙa ɗora ƙari bisa nauyi: ƙari ga mazaɓar da talauci da tamowa suka fi yawa, ƙari ga ƙauye mai nisa ko mai ƙarancin jama'a, ƙari ga garin da ya karɓi 'yan gudun hijira ko ambaliya ta taɓa, ƙari ga yaro mai lalura ta gani ko ji ko tafiya, da ƙari ga rugagen Fulani inda dole aji ya bi makiyaya. A buga ma'aunin a fili, da Hausa, yadda shugaban kwamitin makaranta a Kagara zai iya lissafa abin da ke zuwa masa da kansa.

Sai abin da kuɗin zai saya. Albashin malama shi ne kan gaba, da alawus na musamman ga mai aiki a wuri mai wuya. Sai abinci sau ɗaya a rana, daga gero da wake da gyaɗar da ake nomawa a yankin, matan garin su dafa. Sai tabarmi, alluna, littattafan hoto da na tatsuniya cikin harshen da yaro ke ji, ruwan sha da bayan gida. Gini shi ne na ƙarshe, kuma rumfa mai inuwa da malama a ciki ta fi aji mai fenti da kwaɗo a ƙofa. Kuɗin gudanarwa ya shiga asusun kwamitin makaranta kai tsaye, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata cikin masu sa hannu, a kuma ba da tabbacin shekara uku a jere don a iya tsara aiki.

Malamar kuwa a nemo ta a cikin garin. Yarinyar da ta gama sakandare, ko matar aure mai karatun Islamiyya da aka yarda da tarbiyyarta, a ba ta horo na farko ta fara aiki, a ɗauki nauyinta ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari lokacin hutu. Wannan ƙasa ta san irin wannan tsari. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa kuma yake kwance a cikinsa, na cikin wuraren da Nana Asma'u ta zauna, kuma ita ce ta tsara 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suka riƙa ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Mace amintacciya mai kai ilimi cikin gidaje gadonmu ce.

Abin da masu ja ke cewa

Wasu na cewa firamaren kanta ba ta miƙe ba, ina amfanin ƙara mata wani kaya? Maganar tana da nauyi. Amma wani ɓangare na ciwon firamare daga nan yake tasowa: yara na shiga aji ɗaya ba shiri, ƙanana na biyo yayyensu su cika ajin, wasu su maimaita, wasu su gaji su bari. Rabin aji mai malamarsa yana sauke wa aji ɗaya wannan nauyi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a cire malamin aji uku a kai shi rabin aji a ce an buɗe sabon sashe.

Wasu na tsoron ƙarya a lissafi, cewa da zarar kuɗi ya bi kan yaro za a cika rajista da sunayen bogi. Haka ne, kowace ƙa'idar rabo tana sauya halin mutane. Ruwaya ta shahara cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yanka wa yara kaso daga baitulmali amma sai bayan yaye. Da ya gano wata uwa na gaggauta yaye jaririnta don ya shiga lissafi, bai soke kason ba. Ya gyara ƙa'idar, ya mayar da shi haƙƙin kowane jariri tun daga haihuwa. Maganin ƙarya shi ne a ɗauki adadi daga hannun wanda ba shi ke cin kuɗin ba, a liƙa abin da aka turo a bangon makaranta, a sanar da shi a masallaci da rediyo, a riƙa kai ziyarar ba-zata, a hukunta wanda aka kama.

Akwai ja ta siyasa. Ɗan majalisar da mazaɓarsa ta sami ƙasa da ta maƙwabcinsa zai ce an yi masa rashin adalci. Shi ya sa kason tushe yake da muhimmanci, don kada kowa ya tashi hannu rabbana, ya kuma kamata a fara da sabon kuɗin da aka ƙara maimakon ƙwace na wani. Al'ummar da ta san zakka ba ta buƙatar dogon bayani a nan. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ba ta raba abin da ta tara ga kowa da kowa daidai, mabuƙaci take nema, kuma ba wanda ya kira hakan zalunci.

Akwai kuma iyayen da ke fargabar boko zai raba yaro da allo tun yana ƙarami. Wannan fargaba a girmama ta. Makarantar allo da Islamiyya su ne wuraren da yaran ƙauye ke fara zama gaban malami, kuma su ne jama'a suka amince da su. Inda malamin allo da iyaye suka yarda, a kai malama da abinci da kayan wasa can, a tsara lokaci yadda karatun safe ba zai taɓu ba. Ma'aunin rabo ya lissafa irin wannan cibiya kamar yadda yake lissafa ajin firamare.

Na ƙarshe su ne masu cewa zuba kuɗi a inda ba tsaro asara ce. Yaran wuraren da aka tasa ba su ɓace ba, suna Gandi, suna cikin garin Goronyo da Wurno da Rabah, suna gefen birnin Sakkwato. Kason yaro ya bi shi duk inda ya sauka, ya koma tare da shi ranar da aka koma gida.

Wa zai ɗauki mataki?

Majalisar tarayya ce ke da ikon gyara dokar 2004, ta ɗaga kashi 2 ɗin, UBEC kuma ta sa yawan yara da talauci cikin ma'aunin rabo, ta sassauta sharaɗin kwatankwaci ga jihohi masu rauni, ta ɗaga kason share fage daga kashi 5. 'Yan majalisar da ke wakiltar gabashin Sakkwato su ya fi kamata su riƙe wannan magana. Amma jiha ba ta da dalilin jira. Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2015, kuma yadda za ta raba kuɗinta tsakanin ƙananan hukumomi 23 hurumin gwamnatinta ne da majalisarta. Tana iya buɗe layi na musamman na ilimin ƙananan yara a kasafin shekara mai zuwa, ta fara gwada ma'aunin a Goronyo da Wurno da Rabah. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sa shugabanninsu ma ba su da wurin ɓuya: ɗaukar malamar rabin aji aiki ne da ya hau kansu.

Ga iyaye, hakimai, limamai da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, tambayoyi uku sun isa a riƙe su a duk zaman da aka yi da jami'an ilimi ko 'yan siyasa. Yara nawa 'yan shekara uku zuwa biyar ke garinmu a lissafinku? Naira nawa aka ware wa kowane ɗayansu bana, kuma nawa ta iso? Wace ce malamarsu, wa ke biyanta? Duk jami'in da ya amsa waɗannan da adadi, a rubuta a riƙe shi a kai. Wanda ya kasa, a sake tambayarsa a zama na gaba, har ranar da amsar za ta fito a cikin kasafin kuɗi.